CIWON DA KE CINYE NUMFASHI: LACCA GA 'YAN'UWA TALAKAWA DA 'YAN KASUWA



Maganar da ta tara mu yau maganar numfashi ce. Ba kasuwar da mutum zai shiga bai tarad da dattijo ɗaya ko biyu waɗanda a ke cewa suna da tarin tsufa ba. Kun san irinsa. Dā shi ne ke saɓa buhun gero daga bakin mota har rumfa ba hutawa. Yau kuwa in ya taso daga gida sai ya tsaya sau uku kafin ya iso, ya dafa bango, ya tsuke baki yana busa kamar mai hura wuta. Da asuba tari ke tashe shi, ba ya samun sa'ida sai ya fid da kaki. Kun kuma san tsohuwa mai ƙosai wadda ta yi shekara talatin a gaban kasko, ba ta taɓa sa taba a bakinta ba, amma ko shara ta yi sai ta zauna tana haki. In aka tambaya sai a ce tsufa ne, ko a ce sanyi, wani ma ya ce sammu.

To, jama'a, likitoci sun yi shekara fiye da 200 suna bin sawun wannan ciwo a ƙasashe dabam dabam. Mun ga ya kamata mu kawo muku abin da suka gano cikin harshenmu, domin ilmin da ke kulle cikin littafi ba ya amfanin mai tari. Kan maganar kuwa shi ne wannan: hayaƙi da ƙura su ke cin huhu, abin da suka ci ba ya dawowa, amma abin da ya rage ana iya tsare shi in an farga da wuri.

YADDA HUHU YA KE

Mahautan da ke cikinmu sun fi kowa sanin huhu. Ga laushi, ba nauyi, in an jefa shi a ruwa ba ya nutsewa, domin cike ya ke da iska. Maƙogwaro ya kan sauka cikin ƙirji ya rabu biyu, kowane reshe ya yi ta rabuwa kamar rassan itace, har su zama 'yan hanyoyi sirara. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani, adadinsu ya haura miliyan 300 cikin ƙirjin mutum guda. Nan ne iska mai kyau ke shiga jini, gurɓatacciya ta fito. Jakunkunan nan kamar roba su ke: in ka ja numfashi su miƙe, in ka saki su koma da kansu su turo iska waje. Mutum ya kan yi haka wajen sau 20,000 kowace rana, bai ko kula ba.

Ciwon da mu ke magana yana ɓarna ta hanya biyu. Ta farko, hanyoyin iska su kumbura, su ƙuntata, su cika da majina, shi ne tarin nan da ba ya ƙarewa. Ta biyu, bangayen 'yan jakunkunan su yayyage, da yawa su haɗe su zama guda ɗaya babba, sako-sako, ba ƙarfin turo iska. Wannan shi likitoci ke kira emfisima, kalma ce daga Girkanci mai nufin hura abu ya cika da iska. Ku dubi zugazugin maƙeri in fatarsa ta saki. Haka mai wannan ciwo ya ke, fitar da iska ya fi ba shi wahala bisa ga jawo ta. Tsohuwar iska ta maƙale a ciki, ƙirji ya bunƙasa kamar ganga, sabuwa ta rasa wurin shiga. Da ya ke galibi ɓarnar biyu tare su ke zuwa, sai likitoci suka haɗa su a suna ɗaya, watau ciwon toshewar huhu mai daɗewa. Ba shi ne tarin fuka ba, ba a ɗaukarsa daga wani. Ba kuwa shi ne asma ba, wadda ke tashi ta lafa. Wannan in ya zauna ya zauna.

MASU BIN SAWU NA FARKO

A shekara ta 1816 wani likita a Faris, babban birnin Faransa, mai suna Laennec, ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora a ƙirjin wata majinyaciya, ya kara kunne. Sai ya ji bugun zuciya sarai, fiye da yadda ya saba ji. Asalin abin nan ke nan da likita ke ratayawa a wuya yana sauraron ƙirji. Laennec ya riƙa rubuta abin da ya ji a ƙirjin masu ciwo, in sun rasu kuma ya duba huhunsu ya gwada da abin da ya ji. Cikin littafinsa na 1819 ya bayyana wani irin huhu wanda ko an buɗe ƙirji ba ya saɓulewa kamar na sauran mutane, sai ya tsaya a kumbure. Shi ne emfisima.

Sauraro kaɗai bai isa ba, sai da awo, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya sayad da hatsi da ido sai da mudu. A 1846 wani likitan Landan, John Hutchinson, ya fito da ma'aunin numfashi, ya auna mutum fiye da 2,000, da soja, da 'yan sanda, da ma'aikatan jirgin ruwa, da matalauta. Ya ga yawan iskar da mutum ke iya fitarwa yana bin tsawonsa, yana kuma raguwa da shekaru. Bayan shekara ɗari, a 1947, wani likitan Faransa, Tiffeneau, ya ƙara abu guda: a auna abin da mutum ya fitar cikin sakan na farko in ya busa iyakar ƙarfinsa. Har yau da wannan awo a ke tabbatad da ciwon. In an ba mutum maganin buɗe hanyar iska, ya busa, amma abin da ya fita cikin sakan na farko bai kai kashi 7 cikin 10 na dukan iskar da ya fitar ba, to hanyoyinsa sun toshe. Ba allura, ba yanka, busawa ce kawai.

HAZON DA YA FARKAD DA INGILA

An sami awo, saura sanin dalili. A can Ingila tarin majina ya yi yawa ƙwarai tsakanin ma'aikata, har maƙwabtansu na Turai su kan kira shi ciwon Ingilishi. Amma da ya ke ciwon leburori ne da tsofaffi, sai aka ɗauke shi kamar ruwan sama, abin da ba yadda za a yi da shi.

Sai ga watan Disamba na 1952. Sanyi ya tsananta a Landan, kowane gida ya hura kwal don jin ɗumi, iska kuwa ta tsaya cik. Daga ran 5 ga wata zuwa ran 9 hayaƙi ya haɗu da hazo ya rufe birnin, har mutum ba ya ganin gabansa da tsakar rana. Motocin haya suka tsaya, har wasu shanun da aka kawo nuni suka mutu. Da aka ƙidaya sai aka tarad mutum wajen 4,000 sun rasu bisa ga yadda aka saba, galibinsu tsofaffi ne da masu ciwon ƙirji da na zuciya. Masu binciken da suka sāke lissafi daga baya sun ce adadin ya kai kusan 12,000. A 1956 majalisarsu ta yi dokar tsabtace iska, aka hana ƙona kwal mai hayaƙi a unguwanni da yawa. Ku riƙe wannan, 'yan'uwa: ba a yi doka ba sai da aka ƙidaya gawa.

TABA

A daidai wannan lokaci wasu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suna bin sawun taba sigari. A 1951 suka rubuta wa dukan likitocin ƙasar takarda suna tambayarsu ko suna shan taba, kuma kara nawa. Wajen 40,000 suka amsa. Aka yi ta bin mazan cikinsu har shekara 50, duk wanda ya rasu a rubuta abin da ya kashe shi. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mashayin da bai daina ba ya kan riga wanda ba ya sha mutuwa da wajen shekara 10, ciwon huhu kuwa yana cikin manyan dalilai. Amma wanda ya daina yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukan goman nan, mai 40 ya tsira da wajen 9, mai 50 da 6, har mai 60 ma ya sami 3. Shi kansa Doll mashayi ne, da ya ga inda lissafinsa ya nufa sai ya yar da ita.

Binciken da ya fi shafar ciwonmu na yau shi ne na Charles Fletcher da abokan aikinsa. Daga 1961 suka ɗauki ma'aikata 792 a yammacin Landan, suka riƙa auna numfashinsu kowane wata shida har shekara takwas. Kafin nan likitoci da yawa suna zaton yawan mura da majina ne ke ɓata huhu. Abin da Fletcher da Richard Peto suka bayyana a 1977 ya sha bamban. Kowa numfashinsa yana raguwa kaɗan kaɗan da shekaru, amma na wasu mashaya yana zuba da sauri, kamar buhu mai huda. Mutum ba ya jin kome sai ɓarna ta yi nisa, domin huhu yana da rara mai yawa, sai rarar ta ƙare haki ke bayyana. In ya daina, abin da ya zube ba ya dawowa, amma hudar ta toshe, raguwar ta koma daidai da ta sauran mutane. A 1968 kuma likitoci uku a Montreal ta ƙasar Kanada sun nuna inda toshewar ta ke, watau cikin ƙananan hanyoyin da fāɗinsu bai wuce milimita 2 ba, kamar tsinken tsintsiya. Can ne ɓarna ke yin shekaru a ɓoye.

Wani zai ce, ai na san tsoho mai shekara tamanin da ke zuƙar taba lafiya lau. Gaskiya ne, ba kowane mashayi ke kamuwa ba, kuma masana sun gano wani sashe na dalili. A 1963, a garin Malmo na ƙasar Suwidin, Laurell da Eriksson suna duba jinin mutane wajen 1,500, sai suka ga biyar ba su da wani sinadari da hanta ke yi. Uku daga cikin biyar ɗin suna da emfisima tun ba su tsufa ba. Ashe sinadarin nan garkuwa ne. Jiki yana da sojojin jini masu fesa wani ruwa mai narkad da ƙwayoyin cuta, garkuwar nan ce ke hana ruwan ya narkad da huhun kansa. A 1964 wani likita a Amurka, Paul Gross, ya ɗauki sinadarin da ke cikin ƙaron ɗanyar gwanda, wanda ke tausasa nama, ya zuba a maƙogwaron ɓeraye, sai huhunsu ya yayyage irin na emfisima. Da aka haɗa biyun sai magana ta fito fili: hayaƙi yana kiran sojojin jini su yi dafifi cikin huhu, yana kuma raunana garkuwa, sai gida ya ci kansa. Wani an haife shi da garkuwa mai ƙarfi, wani mai rauni, ba kuwa mai sanin tasa ranar da ya kunna karan farko.

MASU CIN RIBA

Kada ku zaci da gaskiya ta bayyana kowa ya yi murna. A watan Janairu na 1954 kamfanonin taba na Amurka suka sayi shafi a jaridu fiye da 400, suna gaya wa jama'a wai ba a tabbatar taba na cutarwa ba. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fid da rahoto, ya ce taba ce babban dalilin tarin majina mai daɗewa a ƙasar, amma musu bai ƙare ba. Har a 1994 shugabannin manyan kamfanoni bakwai suka yi rantsuwa gaban kwamitin majalisa cewa ba su yarda sinadarin taba yana kama mutum ba. Bayan shekara huɗu, a 1998, kamfanonin suka amince za su biya jihohi 46 dala miliyan dubu 206. A 2006 kuma wata alƙaliya ta yanke hukunci cewa sun yi shekaru suna yaudarar jama'a da saninsu.

Haka ma'aikatan haƙar kwal na Ingila suka sha. Shekara da shekaru ana ce musu tabarsu ce ta cuce su, ba ƙurar rami ba, alhali awon da aka yi ta yi a ramuka tun daga 1953 ya nuna ƙurar ma tana toshe huhu. Sai a 1998 babbar kotu ta ɗora wa hukumar kwal ta gwamnati laifi. Takardun neman diyya kusan 600,000 suka shigo, da yawa kuwa matan mamata ne da 'ya'yansu suka kawo, masu ciwon sun riga sun tafi.

HAYAƘIN MURHU

Yanzu bari mu komo kan tsohuwarmu mai ƙosai, wadda ba ta san taba ba. Binciken Turawa na farko a kan maza mashaya aka yi shi. Wadda ta ja hankalin duniya ga mata wata likita ce 'yar Indiya, Padmavati. A 1959 ta bayyana cewa a asibitin Delhi tana ganin mata da yawa waɗanda ciwon huhu ya gajiyad da zuciyarsu, ƙafafu sun kumbura, ba su shan taba, ba su kuwa tsufa ba. Abin da ya haɗa su shi ne girki da kashin shanu da itace cikin ɗaki marar taga, tun suna 'yan mata.

Daga nan aka yi ta bincike a wurare da yawa, har da ƙasarmu. A 1968 wani likita, Sofoluwe, ya bi gidajen jariran da aka kwantar da ciwon ƙirji a Ikko, ya auna iskar ɗakunan da a ke girki, ya tarad da hayaƙi mai guba da yawa. A 1975 likitocin Zariya suka buga labarin masu sassaƙa dutsen niƙa a wasu ƙauyuka kusa da Kano: cikin mutum 126 da aka ɗauki hoton ƙirjinsu, 49 ƙurar dutse ta yi wa huhunsu tabo. Wannan ciwo ne dabam, amma ɗan'uwan namu ne, ta hanci shi ma ya ke shiga. A Ile-Ife an auna numfashin waɗanda suka kai shekara 40, rahoton 2016 ya nuna kusan 8 cikin 100 suna da toshewa. A gundumar Masindi ta Yuganda, inda kusan kowane gida da itace ya ke girki, rahoton 2015 ya sami 16 cikin 100. An kuma ga wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko ya warke, ya kan tashi da toshewar huhu daga baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3 da rabi, shi ne na huɗu cikin masu kisa a duniya. Cikin waɗanda ya kashe ba su kai shekara 70 ba, kusan 9 cikin 10 mutanen ƙasashe ne marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. A ƙasashen masu arziki taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na ciwon, amma a irin namu kashi 30 zuwa 40 ne nata, hayaƙin gida na cikin manyan masu ɗaukar saura.

Shin gyaran murhu yana magani? An gwada. A gundumar Xuanwei ta ƙasar Sin manoma sun daɗe suna ƙona kwal a tsakar ɗaki, daga baya suka riƙa gina murhu mai bututun da ke fid da hayaƙi ta rufi. Binciken mutum wajen 20,000 da aka buga a 2005 ya nuna ciwon ya ragu ƙwarai a gidajen da suka yi bututu, amma sai da aka yi wajen shekara 10 kafin bambancin ya fito sarai. Sai dai ba za mu ɓoye muku ba, a Malawi an gwada sabon murhu mai ƙarancin hayaƙi cikin wani bincike da ya shafi ƙauyuka 150, aka bi yara fiye da 10,000, rahoton 2016 ya ce ciwon ƙirjin yara bai ragu ba. Murhu guda bai isa ba in maƙwabci yana ƙona bola, in kuma ana komawa ga duwatsu uku ranar babban girki. Ashe iska ta unguwa ce duka, ba ta gida ɗaya ba.

Wani abu kuma da ya kamata iyaye su ji: huhun ɗan Adam yana girma har wajen shekara 20 zuwa 25. Wani babban bincike da aka buga a 2015 ya nuna wajen rabin masu ciwon ba saurin zuba ne ya kai su ba, tun farko ne huhunsu bai cika mudu ba. Yunwa tun a ciki, da ciwon ƙirji na ƙuruciya, da hayaƙi, duk suna tauye shi. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana hura wuta, tare su ke shaƙa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

AKWAI MAGANI?

Har yau ba a sami maganin da zai ɗinke jakunkunan da suka yage ba. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce yana wanke huhu tas, kuɗinku ya ke so. Amma akwai abin da ke sauƙaƙa wahala. Tun 1956 aka fito da 'yar gwangwanin nan da a ke fesawa a baki, daga baya aka sami magungunan shaƙa masu buɗe hanyar iska yini guda cur, suna rage haki, suna kuma rage yawan tashin ciwo. Gwaji biyu, ɗaya a Amurka da Kanada a 1980, ɗaya a Ingila a 1981, sun nuna wanda iskar jininsa ta yi ƙasa ƙwarai, in ana ba shi oksijin aƙalla awa 15 kowace rana, ya fi daɗewa a duniya. An kuma tabbatar motsa jiki a kai a kai bisa tsarin likita yana ƙara wa mai ciwon ƙarfi, domin zama wuri ɗaya don tsoron haki shi ke ƙara kashe jiki. Allurar rigakafin mura da ta ciwon sanyin haƙarƙari su ma suna taimako. Duk da haka ba wanda ya kai barin hayaƙi amfani.

ABIN DA KE HANNUNMU

Na farko, mai shan taba, ko sigari ko shisha, ya daina yau. Lissafin likitocin Ingila ya nuna ko ɗan sittin bai makara ba.

Na biyu, iyayenmu mata, in da hali a yi girki a fili ko a rumfa mai iska. In cikin ɗaki ne, a huda taga a sama ta fuskar murhu. A yi amfani da busasshen itace, a rufe tukunya, kada a hura wuta da leda ko roba. A sauke goyo, a ba wani ya riƙe nesa da hayaƙi. Lokacin hunturu kada a kwana da kaskon wuta cikin rufaffen ɗaki. Maigida, wannan aikinka ne, kuɗin taga bai kai kuɗin asibiti ba.

Na uku, masu tsire, da masu waina, da masu banda, da masu shayi, ku tsaya ta inda iska ke fitowa, ta kwashe hayaƙi ta yi gaba da shi. Masu injin niƙa, da masu sussuka, da masu gurzar auduga, da masu fasa dutse, ku yayyafa ruwa inda ya yiwu, ku nemi abin rufe hanci na ƙwarai, domin ƙyalle ba ya tare ƙura mai laushi. Masu babbaka da tsohuwar taya, ku ji tausayin kanku da na maƙwabtan rumfarku.

Na huɗu, mun san cikinmu akwai masu tebur da ke sayad da taba, ba kuwa mun zo zagin sana'ar kowa ba ne. Amma ku sani dokar Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayad da ita kara-kara. Yaron da ya miƙo muku kuɗin kara ɗaya ɗan wani ne, gobe naku zai miƙa a wani tebur.

Na biyar, duk wanda ya haura arba'in, yana tari da kaki wata da watanni, ko yana haki a kan aikin da dā ba ya sa shi haki, ya tafi asibiti. A fara duba shi ko tarin fuka ne, sa'an nan ya roƙa a auna numfashinsa.

ABIN DA ZA MU NEMA

Saura abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kun ji yadda aka yi a Landan, da ramukan kwal, da kotunan Amurka. Ko'ina sai da aka auna talakawa, aka ƙidaya su, aka ajiye lissafi gaban masu iko, kāna aka motsa. Ciwon da ba a auna ba sunansa tsufa, ba kuwa mai yin kasafin kuɗi domin tsufa.

Saboda haka ya kamata kowace ƙungiyar 'yan kasuwa ta kai wa hukuma buƙatu huɗu a rubuce. A sa ma'aunin numfashi a kowane babban asibiti, da ma'aikacin da ya iya aiki da shi. A sa maganin shaƙa cikin magungunan da talaka zai iya saye. A sauƙaƙa kuɗin gas da murhu mai kyau, domin ba don sha'awa mace ke zama cikin hayaƙi ba. A kwashe bolar kasuwa maimakon cinna mata wuta, a kuma yi wa layin masu abinci rufi mai tsawo da mafitar hayaƙi. Muna biyan kuɗin rumfa, muna da bakin tambaya.

Jama'a, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Landan sun biya da gawa dubbai kafin su koya, mu ga ilmin ya iso mu ba mu biya kome ba. In kun koma gida, ku dubi rufin ɗakin girki, ku ga yadda ya yi baƙi ƙirin. Wadda ke tsaye ƙarƙashinsa safe da yamma, abin da ya hau rufin nan shi ta ke shaƙa. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba.

Iyakar maganarmu ke nan. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.